Jan hasken leza na gwajin faiba: abin da aka tsayar

An tattauna kan lezar da ta dace da gwajin faiba, wato siririn zaren da ke ɗaukar saƙo ta hanyar haske. Ga abin da aka tsayar.

1. Kowa ya yarda cewa don neman karaya, lezar nanomita 650 (tsawon zangon haskenta ke nan, wato ja) ta wadatar. Inda faiba ta karye ko ta lanƙwashe, ja zai tsiyayo ta jikin rigarta.

2. An rabu kan ƙarfi. Wasu sun ce miliwat 1 ya isa cikin gini, masu dogon layi suka nace sai miliwat 10. Ko wanne ne, kada a leƙa bakin faiba da ido.

3. Aikin awon hasken da ke bi ta faiba kuwa daban ne, nan aka fi daɗewa. Haske mai rawa yana ɓata sakamako. A daidaita wutar da ke shiga lezar, a tsare ta daga sauyin zafi, a hana haske komowa cikinta ta amfani da mahaɗin faiba na APC, koren nan mai karkataccen baki. Wasu har yanzu sun fi amincewa da lezar heliyom-niyon, nanomita 632.8, duk da girmanta.

4. A goge bakin mahaɗi kafin a zargi na'ura.