"Jiki ya fi kunne ji", ya dace a rubuta shi a bangon aji?

Malamar Aji Huɗu:
Assalamu alaikum jama'ar gida, don Allah ku raba mu gardama ni da abokiyar aikina. Wannan zangon na ce ba zan ƙara karanta wa yara darasin ƙasa daga littafi kawai ba, sai na sa kowa ya ɗebo ƙasar wajensu a leda, wani ya kawo yashin bakin gulbin Rima wani lakar fadama wani jar ƙasar marmara, muka zuba kowacce a robar ruwa muka girgiza muka jera a taga. Yashi ya kwanta nan take, mai laushin ta biyo baya, yumɓu kuwa har washegari ruwan bai gama washewa ba, yaran da kansu suka gano dalilin da ya sa ake shinkafa a fadama gero kuma a jigawa. Shi ne na ce zan rubuta "jiki ya fi kunne ji" a saman allo, ita kuma ta ce haba Malama wannan ai karin maganar bulala ce. Wa ke da gaskiya?

Tsohon Hedimasta:
Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah shi yi albarka. Aikin ga da kika yi ya yi kyau amma abokiyarki ta hi ki gaskiya. Mu tun muna yara in anka ce jiki ya hi kunne ji to dorina ta kusa, ko ko yaro ne anka hana wasa da wuta bai ji ba hat taƙ ƙone shi. Ki duba 'yar'uwarta mana, in kunne ya ji jiki ya tsira, ai kin ga jikin nan wahala ce shika sha ba karatu ba. In uwayen yara sunka shigo aji sunka ga wanga rubutu cewa za su yi dukan ɗiyansu kike. Ki rubuta gani ya kori ji ki huta.

Uwar Biyu:
Baba da girmanka amma ni ban ga laifin ta ba. Yaron da wuta ta ƙona ai ilimi ya samu, ya san zafi sanin da ba mai goge mishi shi har abada, to meye bambancinsa da wanda ya murza yumɓu a yatsa ya ji yana danƙo ya murza yashi ya ji yana kartar hannu? Karin magana ba aya ba ce da za a ce kar a juya ta. Kuma gani ya kori ji bai kama abin da Malama ta yi ba, don yaran ba kallo suka yi ba, taɓawa suka yi, kallo ai ko a talabijin suna yi.

Tsohon Hedimasta:
Hajiya ana juya ta, amma in kin juya ke kaɗai kika san kin juya, mai wucewa tsohuwar ma'ana za shi ɗauka.

Ɗan Kalambaina:
Ni dai gani ya kori ji nake bi kuma ina da hujja. Mu nan ramukan da ake haƙo dutsen siminti a bayan gidajenmu suke, masana'antar tun 1967 take aiki, kuma duk yaron garin nan ya taɓa tsintar dutse mai siffar katantanwa ko ƙwaryar kifin ruwa (irin mai ɓawo biyu) a cikin farar ƙasar. Da malami zai tsaya a aji ya ce yara a da can Sakkwato teku ce wallahi dariya za su yi mishi, garin da ake sayen ruwa wajen mai kura, amma ka ɗora wa yaro dutsen a tafin hannu ka ce to wa ya kai wannan abin ruwan cikin dutse, sai ka ga ya yi tsit.

Ɗalibin Jiyoloji:
Yaya ka taɓo inda nake so. Teku ce mara zurfi da ta ratso ta Sahara, dutsen Kalambaina a ƙasanta ya taru daga ɓawon halittun ruwa wajen shekara miliyan 60 da suka wuce, a Dange ana samun haƙoran kifi da ƙasusuwan kada, kuma akwai wata ƙatuwar dabbar teku da aka tono ƙasusuwanta a yankin Goronyo har aka sa mata sunan garin, Goronyosaurus, tun 1972. Amma fa ku lura, ido bai nuna wa kowa shekara miliyan 60 ba, wannan ji ne muka ji daga waɗanda suka yi awo. Malama in kin samu guntun dutsen ki kankare shi da ƙusa ya yi gari ki matsa lemun tsami a kai, za ki ga yana ƙananan kumfa, iskar kabon ce ke fita, ki gwada da tsakuwar gulbi ba za ta yi ba.

Almajirin Zaure:
Yawwa ɗan boko yau ka faɗi gaskiya. Ni abin da ke damuna da gani ya kori ji shi ne yadda ake jefa ta kamar kunne ba shi da daraja, alhali a garin Shehu muke, karatun nan duk daga baki zuwa kunne ya iso mu, malami ya ji wajen malaminsa har sama. Ita maganar asalinta a kan labari ce, an ce maka kasuwar Illela ta cika ka je ka gani da idonka, shi ke nan gani ya kori ji, Larabawa ma suna da irinta, laisal khabaru kal mu'ayana. Ba a yi ta don a kori malami ba. Kuma ido yana ƙarya, ku bi titin Illela da rana tsaka lokacin bazara ku ga ruwa kwance a gabanku, ku je ku ɗebo mu gani.

Uwar Biyu:
Allah gafarta Malam kawalwalniya ai ita ma sai da aka je wajen aka tarar ba ruwa sannan aka san ƙarya ce, ƙafa ce ta kai mutum, ka ga mun dawo kan jiki ke nan 😂

Almajirin Zaure:
To rana fa Hajiya? Ido da jiki duk sun shaida ita ke tafiya daga gabas zuwa yamma, 'yan boko kuma sun ce ƙasa ce ke juyawa, yaranku da wanne za su kama wannan in ba da kunne ba?

Ɗalibin Jiyoloji:
Malam wannan ma ana nuna shi, tocila da lemun zaƙi a ɗaki mai duhu, a soka tsinke a lemun a juya shi a hankali yaro ya ga dare da rana. Kuma aikin sanda da inuwa ku kuka riga mu, da shi ake gane zawali tun kafin agogo. A kafa sanda a filin makaranta yara su riƙa sa alama duk mako da tsakar rana, a Disamba inuwar ta miƙe arewa, wajen ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta kuma ta kusa ɓacewa ƙarƙashin sandar don rana na bisa kanmu daidai. Amma gaskiya sai an yi bayani, in ba haka ba yaro lemo kawai ya gani yana jiran a yanka.

Bagobira:
Ni malama ce ta ƙauye, mu ba mu da allon kirki balle bangon rubutu. Abin da nika yi da hunturu in shahwa basilin ga hwarin kwali in aje waje, bayan kwana biyu yara su ga ya yi ja da ƙura, in ce masu wagga ƙura wata daga Bodele can ƙasar Chadi iska yak kwaso ta. Da damana kuma tire biyu, guda da ciyawa guda ƙasa tsirara, a karkata a zuba ruwa da buta, wanda babu ciyawa shi ka zubo da jan ruwa. Nan nika ce masu ruwa ba ya tsami banza, kwazazzabon bayan gari da dalili yaz zo. Kuma ina sa su auna ruwan sama da roba da rula, don ido ba mudu ba ne.

Tsohon Hedimasta:
Ƙarasa ta mana ɗiyata, amma ya san ƙima. Ku yaran yanzu kowace karin magana sai kun yanke mata wutsiya.

Bagobira:
Baba na sani, da gangan niy yanke, in na ƙarasa ba mai ɗauko rula.

Malamar Aji Huɗu:
Na gode kwarai, abokiyar tawa tana nan tana karantawa tana ta murna wai Baba ya goya mata baya. Ɗan Kalambaina don Allah ko za a samo mana dutsen nan ko guda biyar ne, masu katantanwar?

Ɗan Kalambaina:
Ba matsala Malama zan sa a tsinto a gefen hanya, amma kar ki yarda ki kawo yara bakin ramukan nan da kanki, suna da zurfi kuma da damina ruwa ke cika su, in dai ziyara ce sai hedimasta ya rubuta wa kamfani takarda tukuna.