Me ya sa ake cire sifilin farko in za a kira wata ƙasa?

Mai_Neman_Sani:
Assalamu alaikum. Don Allah masana su warware mini wannan. An ba ni lambar wani ofis a Landan, 020 7946 0123. Na sa +44 a gaba na buga ta yadda take, kiran ya ƙi shiga. Sai da aka ce in cire sifilin nan sannan ya tafi. To sifilin ba cikin lambar yake ba ne? Kuma wa ke raba waɗannan lambobi na ƙasashe?

Injiniyan_Layi:
Wa alaikumus salam. Malam, sifilin nan ba na lambar ba ne. Umarni ne ga na'urar haɗa kira cewa wanda ake nema yana cikin ƙasa, kuma abin da ke biye lambar yanki ce. Da ka sa +44 ka riga ka faɗi ƙasar, sai sifilin ya zama kutse, na'ura ta karanta shi a matsayin farkon lambar yanki, alhali babu yankin da ya fara da shi. Daidai ita ce +44 20 7946 0123: 44 ƙasa, 20 Landan, sauran takwas ɗin na mai layi.

Mai raba lambobin ƙasashe ita ce ITU, hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Janiba, a ƙarƙashin ƙa'idar E.164. Lamba gaba ɗaya ba ta wuce alƙaluma 15, ta ƙasa kuma daga ɗaya zuwa uku. Alƙalamin farko shi ke nuna shiyya: 2 galibi Afirka, kamar Masar 20 da Gana 233, 3 da 4 Turai, 7 Rasha da Kazakistan. Dabarar da ta fi burge ni ita ce babu lambar ƙasar da take farkon wata. Tunda an ba Masar 20, ba za a ba kowa 201 ba. Shi ya sa na'ura ke gane inda lambar ƙasa ta ƙare ba tare da an sa mata tazara ba.

Hajiya_Sadarwa:
Injiniya ya yi bayani, sai dai a yi hattara da Italiya. Su wayar girke sifilinta na cikin lamba, ba a cirewa: Roma +39 06, Milan +39 02. Ka cire shi, kira ya lalace.

Alamar + ita ma ba lamba ba ce, tana wakiltar lambar fita waje ne ta ƙasar da kake tsaye. Yawancin ƙasashe 00 ce, Amurka da Kanada 011, Ostireliya 0011, Japan 010. Wanda ya ajiye lambobinsa da 00, ranar da ya sauka Amurka ba za su yi aiki ba. A ajiye da +, a salula ana samunta in an danne 0 na ɗan lokaci.

Tsohon_Ma'aikacin_Waya:
Ƙari kan lambar yanki. Tsarin Amurka tsayayye ne, alƙaluma uku na yanki, sai uku, sai huɗu, tun 1947. Niyok ta samu 212, Shikago 312, saboda a wayar da ake juyawa da yatsa ƙananan alƙaluma sun fi saurin bugawa. Ingila kuwa tsawon yana bambanta: Landan 020 da takwas, Manchesta 0161 da bakwai. Masu rubuta 0207 a matsayin lambar Landan kuskure suke yi, 7 ɗin na mai layi ne.

In lambobin yanki suka ƙare, ko a raba yankin biyu, wasu su sauya lamba, ko a ɗora sabuwa a kan tsohuwa, kamar 646 da aka ɗora wa Manhattan a Niyok. In an ɗora, ko maƙwabcinka za ka kira sai ka buga goman duka.

Kuma +1 ba Amurka kaɗai ba ce. +1 876 Jamaika ce, kuɗin kiranta ba lallai ya zo ɗaya da na Amurka ba, a duba kafin a buga.

Mai_Neman_Sani:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Bari in bi lambobin wayata in mayar da su na +.