Irin fulawa yana tsirowa, sai ya kwanta ya mutu

Maman Hanif:
Assalamu alaikum, masu lambu. Don Allah me ke sa tsiron furannin zinnia da marigold ya fito lafiya, bayan kwana biyar ko shida ya kwanta daga gindi ya bushe? A roba aka shuka, da ƙasar bayan gida da kashin kaji, ana ba shi ruwa safe da yamma. Portulaca kuwa ko fitowa bai yi ba. A Kano nake.

Mai Lambu:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki ciro ɗaya ki duba daidai inda kara ya haɗu da ƙasa. In ya sirance kamar zare kuma ya yi duhu, ruɓar gindi ce. Ƙwayoyin cuta dangin funfuna ne da ke cikin ƙasa, kuma yawan jiƙa ne ke tashe su. Wanda ya kwanta ba ya tashi, ki zubar da shi tare da ƙasar, ki wanke robar da sabulu ta sha rana.

Ki sake haɗi: mudu biyu na ƙasa mai laushi, mudu ɗaya na yashi, mudu ɗaya na kashin shanu da ya ruɓe har ya daina wari. Ki tankaɗe. Ɗanyen kashin kaji yana da zafi, ƙona saiwa yake yi, ki bar shi sai shuka ta girma. In da hali ki turara ƙasar a tsohuwar tukunya kamar minti 30, ta huce kafin shuka. Ki huda gindin robar wuri biyar ko shida da ƙusa mai zafi.

Ban ruwa sau ɗaya da safe ya isa, shi ma sai kin taɓa saman ƙasar kin ji ta fara bushewa. Mafi kyau ki ajiye robar cikin faranti mai ruwa minti goma ta sha ta ƙasa, ki ɗauke.

Malam Na-Gona:
Batun portulaca, Hajiya, binne shi aka yi. Irinsa ƙanana ne kamar rairayi kuma sai ya ga haske yake tsirowa. Ki gauraya shi da ɗan busasshen yashi, ki barbaɗa a sama, ki danna da tafin hannu kawai. Kada ki zuba ruwa da kofi, zai wanke irin zuwa gefe. Ki huda murfin gorar ruwa da allura ki yayyafa. Zinnia da marigold zurfin rabin santimita ya ishe su, cikin mako guda za su fito.

Wani abin da ake mantawa: tururuwa na kwashe iri, kaji da ƙadangaru na cinye tsiro. A ɗora robar kan benci a rufa ta da tsohon gidan sauro.

Anti Mai Fulawa:
’Yar’uwa, ki lura da haske ma. Tsiron da aka ɓoye a inuwa yakan yi tsawo ba ƙwari, ya faɗi da kansa. Yana fitowa ki ba shi ranar hantsi, ki kare shi daga ta azahar. A Kano na fi son shuka a Oktoba zuwa Nuwamba, bayan ɗaukewar ruwa. Agusta danshi ya yi yawa, Afrilu kuma zafi na dafa tsiro.

Ganye biyun farko ba na gaske ba ne. Sai ya yi ganye huɗu na gaske za ki dasa, da la’asar, tare da ƙasar da ke jikin saiwar. Zinnia ba ta son a taɓa mata saiwa, gara ki shuka ƙwaya biyu a ledar fiya wata da aka huda, ki cire mai rauni, ranar dashe ki yage ledar. Ki bar tazarar santimita 25 zuwa 30. In ta kai tsawon taƙi ki tsinke kan, za ta yi rassa, fure ya yawaita. Wajen wata biyu da shuka za ki fara ganin fure.

In kina son irin baɗi, ki bar furen ya bushe a jikin uwar, ki adana a ambulan ɗin takarda, leda na riƙe danshi. Amma in an rubuta F1 (alamar irin da aka yi wa aure) a fakitin da kika saya, ’ya’yan ba lallai su yi kamar uwar ba.