Musayar Waƙa: Wa Aka Tambaya a Chagos?

Mai Tawada: Salamu alaikum. Na buɗe fage, amsa-amo "ya". Mai iyawa ya ɗora.

Ku zo mu leƙa Chagos, 'yan'uwa,
Tsibirai can a tekun Indiya.

A 1965 aka datse su daga ƙasar Moris,
Tun ba ta bar hannun Birtaniya.

Aka loda mutane a jirgin ruwa,
Da ƙullin tsumma, babu waiwaya.

Karnukan gida ma aka hallaka,
Aka ba Amurka tsibirin Diyego Garsiya.

'Yar Gidan Liman: Wa alaikumus salam, Yaya.

Na ji ta Chagos, akwai ban tausayi,
Sai dai ba duka ne suka zam ɗaya.

'Yan tsibiran Falklan sun yi ƙuri'a a 2013,
Uku tak suka juya wa Landan baya.

Jibralta ta Birtaniya a 2002 ta ce a'a,
Ba ta son mulkin haɗaka da Sifaniya.

In mai ɗaki ya ce ya gamsu haka,
Wa zai rataya mai tuta a wuya?

Ɗan Tasha: Malama ta taɓo inda nake so.

Pitkan ta Birtaniya mutanenta ba su kai ɗari,
Wa za a naɗa minista, wa dogariya?

Mayot ta zam cikakken lardin Faransa a 2011,
'Yan Komoros na shiga ta kwalekwale da wuya.

Mai Tawada: Ɗan Tasha, "dogariya" ka ƙago don amo ya zauna, mun gane ka. Ƙanwata, ga taki.

Su waɗancan an ba su akwatin zaɓe,
Na Chagos an kore su kafin tambaya.

Kotun Duniya a 2019 ta yi bayani,
Ta ce yankan nan bai bisa gaskiya.

Ƙasa 116 a Majalisar Ɗinkin Duniya
Suka ce wa Landan ta tattara kaya.

A 2025 Landan da Moris sun sa hannu,
Tsibirai na Moris bisa yarjejeniya.

Sansanin sojan Diyego kuwa yana nan daram,
Shekara 99 aka yarda a biya haya.

Jikokin can suna Krawli ta Ingila da Seshel,
Ba a ce su koma Diyego Garsiya.

Malam Na Zaure: Ku matsa wa dattijo.

'Yata, zaɓe ma yana da sharaɗi,
Wa ke cikin rajista? Nan ne jayayya.

Faransa tun 1853 take riƙe
Da ƙasar 'yan Kanak, Sabuwar Kaledoniya.

Sau uku aka kaɗa ƙuri'ar rabuwa,
Ta 2021 Kanak suka ƙaurace gaba ɗaya.

Da aka so faɗaɗa rajista a 2024,
Babban birni Numeya ya kama wuta, aka sha wuya.

'Yar Gidan Liman: Baba, na karɓi ta rajista. Yaya kuma ban sake ka ba.

In an ba na Chagos akwati gobe,
Moris za su zaɓa, ko Birtaniya?