Don Allah a taimaka: gwajin lafiya na tafiya karatu Ingila, ni kuma allura sumar da ni take yi

Autar_Hajiya:

Assalamu alaikum jama'a, don Allah kar wanda ya yi min dariya duk da na san sai an yi. Na samu gurbin digiri na biyu a Ingila, watan Satumba za mu fara in sha Allah, to makarantar ta turo min jerin abubuwan da zan haɗa kafin in nemi biza, a ciki akwai takardar gwajin tarin fuka, sannan ga wata takarda daban tana maganar rigakafi, wai MenACWY ta sanƙarau da MMR ta ƙyanda da hangum, wai in tabbatar na yi su. Tun ranar da na karanta ban yi baccin kirki ba wallahi.

Ni matsalata allura ce, kuma ba irin tsoron kowa da kowa ba da za a ce daure ki runtse ido, ni faɗuwa nake yi. Abin ya samo asali tun ina 'yar shekara bakwai, zazzaɓi ya kama ni aka kai ni wani kemis na unguwarmu, yayyena biyu suka danne ni a kan benci ɗaya ya riƙe ƙafa ɗaya ya riƙe hannu, ina kallon mutumin ya fasa wuyan 'yar kwalbar nan ya zuƙe ruwan ya ɗan tsirta sama, har yau in na ji warin sifirit sai cikina ya juya. Sati guda na yi ina jan ƙafa. Bara ma da na raka ƙawata gwajin jini na aure, ba ni ake ɗiba ba fa, kallo kawai na yi na ga jinin yana hawa cikin sirinji, ban san inda kaina yake ba sai farkawa na yi a ƙasa ana yayyafa min ruwan leda, mayafina can takalmina can, angon yana ta sannu sannu, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Tambayata, shi gwajin tarin nan jini ake ɗiba? Allura nawa ke jirana gaba ɗaya? Kuma katin rigakafina na yarinta Hajiya ta ce tun tashinmu daga gidan haya ba ta ƙara ganinsa ba. Shekarata 23.

Dan Gwammaja:

Wa alaikumus salam. Ƙanwata kwantar da hankalinki, gwajin tarin na bizar Ingila babu allura a cikinsa ko ta ɗinki, hoton ƙirji ne kawai. Ni na yi nawa a Abuja a cibiyar IOM, wato hukumar kula da ƙaura ta duniya, akwai kuma a Legas, kuma ki kula sai asibitin da hukumar Ingila ta amince da shi, in kika je wani wuri aka ɗauke ki hoto komai girman asibitin ba za su karɓa ba, kuɗinki ya tafi a banza. Za ki yi rajista ta intanet ki biya su ba ki rana, ki je da fasfonki na asali da ƙananan hotuna da shaidar biya. Za a ba ki riga ki canza, ki manna ƙirji a jikin wani allo mai sanyi, a ce ja numfashi ki riƙe, shi ke nan an gama, zaman jiran layi ya fi aikin tsawo nesa ba kusa ba. Likita zai ɗan tambaye ki ko kina tari, ko kina gumin dare, ko kin rame, ko an taɓa yin tibi, wato tarin fuka, a gidanku. Ki cire sarƙa, kuma in kina da dogon kitso ki tattare shi sama.

Abin da ya kamata ki ji tsoro ba allura ba ce, lokaci ne. In hoton ya nuna wani ɗan tabo a huhu, ko da tsohon ciwo ne da ya warke, za su ce ki kawo kaki sau uku da sassafe kwana uku a jere, su shuka shi a ɗakin gwaji, kuma sakamakon yana iya kai sati takwas kafin ya fito. Akwai wanda muka yi layi tare, a Agusta ya zo yana ganin aikin yini ɗaya ne, aka ce sai kaki, ƙarshe sai da ya roƙi makaranta ta ɗaga masa zuwa Janairu. Takardar kuma wata shida take aiki daga ranar da aka ɗauki hoton, don haka kar ki yi gaggawa da yawa ta mutu kafin ki nemi biza, kar kuma ki bari sai ƙurarren lokaci. Ni a ganina Mayu ko farkon Yuni ya yi daidai.

Su kuma MenACWY da MMR ba sharaɗin biza ba ne, shawara ce mai ƙarfi daga makaranta, in kin zo kin yi rajista da likitan unguwa wanda suke kira GP kyauta za a yi miki, dama ai kin riga kin biya kuɗin lafiyar nan na fam 776 a shekara tare da biza, to ki mori kuɗinki.

Sarkin_Yawo:

hhhhh Autar Hajiya ke kin ma ci sa'a wlh, da Maleshiya kika zo irin mu da kin gane kurenki, nan kana sauka cikin kwana bakwai sai ka je asibiti an debi jini an karbi fitsari an dauki hoton kirji, su duba ciwon hanta su duba kanjamau har kwaya suke dubawa a fitsarin, in ba ka tsallake ba babu sitika a fasfo. ni ranar kwalba uku aka cika ina kallo ina ta mazurai wai ni namiji alhali gwiwata rawa take. abokina da ke China ma haka ya ce har da na'urar zuciya aka jona masa. in kuma yalo kati na allurar cutar shawara ne matsalarki ai wannan ba sai an tsira miki komai ba, akwai masu yi, ki bada na goro a buga miki tambari ki wuce abinki

Anti Nas:

Sarkin Yawo ka ji tsoron Allah, wannan wace irin shawara ce kake ba 'yar mutane? Katin allurar cutar shawara na bogi shi ya sa a 2019 gwamnati ta sauya shi zuwa sabo wanda ake dubawa a kwamfuta, kuma ko ba a kama mutum ba ai sauro ba ya karanta kati. Allura ɗaya ce tak, tana fara aiki a takarda bayan kwana 10, kuma tun 2016 aka daina cewa a sabunta duk shekara goma, guda ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Ingila ba ta nemansa, amma Masar da Indiya da Maleshiya da Saudiyya suna nema daga wanda ya fito Najeriya, ga shi kuma ba ki san ta inda jirginki zai ya da zango ba, gara ki mallake shi na gaskiya a ofishin lafiya na filin jirgi.

Yanzu ke Auta, zo nan ɗiyata. Shekarata ashirin da wani abu ina wannan aikin kuma na ga ƙarti majiya ƙarfi sun zube a gabana, har soja, saboda haka ki cire kunya. Abin da ke faruwa da ke ba raki ba ne kuma ba iska ba ce. Da farko tsoro yana sa zuciya ta buga da sauri, sai kuma jiki ya yi juyi a lokaci ɗaya, bugun ya ragu, jijiyoyin jini su saki, jini ya taru a ƙafafu bai isa kai sosai ba, sai ki ji kunne yana shuuu, ido ya yi duhu, gumi mai sanyi ya keto, sai ƙasa. Da kin kwanta jini ya koma kai sai ki farfaɗo, shi ya sa ba ya daɗewa. Haɗarin a faɗuwar yake, kar kai ya bugu da tayil ko bakin tebur.

To tunda mun san ƙarfin jinin ne yake sauka, maganinsa a hana shi sauka. Ki zauna a kujera ki ɗaure naman hannuwanki da cinyoyinki da cikinki tamau kamar kina ɗaga buhu, ki riƙe daƙiƙa 10 zuwa 15 har ki ji fuskarki ta ɗau ɗumi, ki saki a hankali ki huta kamar daƙiƙa 20 ko 30, ki maimaita sau biyar. Ki fara koya tun yanzu a gida, sau uku a rana na sati guda, kar ki bari sai ranar. Ranar allurar kuma hannun da za a tsira kaɗai za ki saki ya yi laushi, sauran jikin ki ɗaure. Masu ce miki ki saki jiki ki yi dogon numfashi ba su yi ƙarya ba, amma wannan na mai tsoro ne zalla, ke mai suma ɗaurewar ce taki.

Sannan kar ki je da yunwa, ki karya da kyau ki sha ruwa sosai, in kina azumin nafila ki bar shi wata rana. Kuma kina shiga kafin ki zauna ki ce wa nas, ni ina suma in an yi min allura, a kwance nake so. Mu wannan maganar daɗi take mana wallahi, ya fi a ce muna cikin aiki mutum ya sulale mana. Bayan an gama kar ki zabura ki miƙe, ki yi minti 15 a wurin. Akwai kuma wani man shafawa EMLA da ke kashe fata, ana shafa shi awa ɗaya kafin lokaci a rufe da leda, ki tambayi mai kemis na ƙwarai, yana rage zafin tsirawar amma ba ya hana suma, kar ki dogara da shi kaɗai.

Maganar kati da ya ɓata ba komai. A lokacin da aka haife ku allurar ƙyanda ɗaya ake yi a wata tara, babu ta hangum a ciki, don haka ko katin yana nan sai an yi miki MMR, guda biyu ce da tazarar aƙalla sati huɗu, kuma maimaitawa ba ta cutarwa. Abu biyu ki riƙe, ba a yi wa mai ciki, kuma a bar sati huɗu tsakaninta da ta shawara. Lissafinki ke nan, shawara ɗaya, sanƙarau ɗaya, MMR biyu, duka a damtse, kuma bakin allurar siriri ne, ba irin wadda mai kemis ɗin nan ya soka miki a mazaunai ba.

Baban Khalifa:

Ni dai tsoho ne a cikinku amma bari in sa baki a kan ta sanƙarau. Mu da muka ga 1996 a Kano ba a ba mu labari, lokacin zafi ne, asibitin zana ya cika har a ƙarƙashin bishiya ake kwantar da yara wuya ya sanƙare, sama da mutum 11,000 suka rasu a ƙasar nan a wannan shekarar. A lokacin ne kuma kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya shafi yara 200 har abin ya kai kotu, kuma ni na san daga nan ne da yawa cikin mutanenmu suka ɗauki duk abin da ya zo a sirinji da zargi, ban ga laifinsu ba gaba ɗaya. Amma wannan ta ACWY ba sabuwa ba ce, ita ce dai ake yi wa alhazai a sansani kafin a tashi, Hajiyarki ma in ta sauke farali an yi mata, ki tambaye ta. Dalilin alhazai shi ne dalilin ɗalibai, cunkoson mutane daga ƙasa daban daban a ɗaki ɗaya, kicin ɗaya, ana tari ana shan kofi ɗaya. Ɗana da ya tafi ita na fara sa shi ya yi. Allah ya ba da sa'a 'yata, ya sa a gama lafiya.

Ummu Sultan:

Amin Baba. Ƙari kaɗan saboda masu karantawa da za su Amurka, mu nan daban ne, makarantu da yawa gwajin tibi na fata ko na jini suke nema, na fatar ana ɗan tsira ruwa a hannu ka dawo bayan kwana biyu ko uku a auna kumburin. To mu da aka yi wa lamba muna jarirai, tabon nan na damtsen hagu, wani lokaci sai ya kumbura alhali lafiyarka ƙalau, ni haka ya min na sha kuka a ɗaki ni kaɗai. In an ba ku zaɓi ku ce na jini kuke so, shi lambar ba ta ruɗa shi.

Sarkin_Yawo:

tuba nake Anti, na janye maganar kati 🙏 amma fa Auta ki sa a dauki bidiyo

Autar_Hajiya:

Na dawo da rahoto. Hoton ƙirji an yi ranar Talata, babu allura kamar yadda Yaya Dan Gwammaja ya faɗa, takarda ta fito lafiya lau alhamdulillah. Jiya kuma na je ta shawara, na ci ɗumamen tuwo na sha ruwa har ya ishe ni, ina shiga na faɗa wa matar maganar da Anti ta koya min, ta yi dariya ta ce hau gado, na juya fuska bango ina ɗaure cinyoyi ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina har da ta shiga kasuwa. Kunnena ya ɗan yi shuuu ɗin nan kuma na jiƙe da gumi, amma ban tafi ba. Saura uku, su sai na isa can. Anti don Allah in hannun ya yi tsami yau zan iya shan farasitamol ko in bar shi? Sarkin Yawo babu bidiyo, ka ci kanka.