Na Sanya Lambar Asusuna a Facebook Domin Jinyar Mahaifiyata, Shin Bara Na Yi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya rasu shekara 6 da suka wuce, ya bar mu mu bakwai, kuma tun daga lokacin ɗawainiyar gida ta dawo wuyana, duk da cewa ɗinki nake yi a shagon haya, wanda sau biyu ina tashi saboda ƙarin kuɗi. Yayarmu tana aure a Funtuwa, mijinta ba shi da ƙarfi, ƙannena biyu kuma suna makaranta. Wata huɗu ke nan da likitoci suka ce ƙodar Hajiyarmu ta gaza, sai an riƙa yi mata wanki sau biyu a mako. Na sayar da babur da keken ɗinki ɗaya, kuɗin ba su kai wata ba. Da na rasa mafita, sai na ɗauki hotonta a gadon asibiti, ga roba a wuyanta, na sanya a Facebook tare da lambar asusuna. Jama'a sun taimaka, Allah Ya saka musu. A cikin abin da ya shigo na ciri wani abu na biya hayar gida. Jiya kawunmu ya kira ni ya ce bara nake yi, na tona asirin gidanmu, kuma zan tashi ranar ƙiyama babu tsoka a fuskata. Tun daga nan barci ya ƙaurace mini.

Wani ɗalibin ilimi: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Hajiya lafiya. Batun tashi babu tsoka a fuska da kawunka ya ambata hadisi ne ingantacce, Buhari da Muslim sun ruwaito shi daga Ibnu Umar, amma malamai sun ɗauke shi a kan wanda ya mayar da roƙo sana'a alhali ba ya cikin larura. Ma'aunin wannan mas'ala shi ne hadisin sahabi Ƙabisa da ke cikin Muslim, inda Annabi (SAW) ya halatta roƙo ga mutum uku: wanda ya ɗauki nauyin biyan kuɗi domin sulhunta mutane, da wanda masifa ta cinye dukiyarsa, da wanda talauci ya kama har mutum uku masu hankali daga jama'arsa suka shaida. Facebook hanya ce kawai, ba ta sauya hukunci. Abin da ba ka faɗa ba shi ne, shin babu wata kadara da ta rage? Kuɗin haya kuwa ka yi kuskure, domin an ba ka ne da sunan wanki, don haka amana ne, sai ka mayar ko ka nemi izinin masu shi.

Wata 'yar'uwa daga Zariya: Malam, tambayata ita ce nawa shi kawun ya bayar? Lokacin da maigidana ya yi wata bakwai a kwance, danginsa ko omo ba su kawo ba, amma ranar da na nemi taimako a zauren matan unguwa na WhatsApp, su ne suka fara cewa na zubar musu da mutunci. Har ya rasu wasu ba su taka asibitin ba. Ɗan'uwa, ka ci gaba da neman taimakonka, sai dai ka cire hoton, domin uwa ce, kuma ba ka ce ta yarda ba.

Wani ɗan kasuwa: Ni na daina turawa. Na taɓa ba da gudummawar aikin tiyatar wani yaro, bayan wata biyu na ga hoton nan da wani suna da wata lambar asusu. Irin wannan ne ke toshe wa masu gaskiya ƙofa. Idan a Kano kake, ka kai takardun asibiti Hukumar Zakka da Hubusi, ka goge rubutun gaba ɗaya.

Mai tambaya: Idan na cire hoton babu wanda zai yarda da ni, kun dai ji abin da Alhaji ɗan kasuwa ya faɗa. Haya kuma a ganina tana cikin jinya, domin idan aka fitar da mu ina za ta kwanta bayan an sallame ta? Akwai fili ɗaya da mahaifinmu ya bari, amma ba a raba gado ba, kuma ba zan zama wanda ya sayar da abin marayu ba.

Ɗalibin ilimi: To ga inda maganar take. Hajiya tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, a wannan filin bisa nassin Suratun Nisa'i aya ta 12, kai ma kana da rabonka, kuma barin gado shekara 6 ba a raba ba shi ne tauye marayun. A raba, a yi mata magani da haƙƙinta, abin da ya gaza sai a nema. Ko a nan ma ya fi kyau wani amintacce ya nema muku, kamar yadda Annabi (SAW) ya tashi ya yi huɗuba ya kwaɗaitar da sahabbai su taimaki mutanen ƙabilar Mudar da suka zo Madina cikin tsumma. Ka samu limaminku da mutum biyu su shaida, a buɗe asusu daban.

'Yar'uwa daga Zariya: Malam, fili ba ya sayuwa a kwana biyu, ita kuwa ƙoda ba ta jiran rabon gado.

Mai tambaya: Na gode muku. Takardar filin tana hannun kawun nan, kuma ba na jin zai sake ta. Ranar Alhamis za a sake yi mata wanki, abin da ke asusun bai kai ba, don haka ban cire rubutun ba tukuna. Waɗanda suka turo kuɗi kuma yawancinsu ban san su ba, ta yaya zan nemi izininsu?