Canza gilashin gaba da robarsa a tsohuwar Fijo 504

Ɗan Kawo:

Assalamu alaikum, masana. Ina da Fijo 504 salun, haɗin Kaduna, ta farkon shekarun 1980. Gilashin gaba ya tsage daga ƙasa ta ɓangaren direba, kuma tsagewar tana hawa a hankali. Robar ta bushe ta yi tauri, da damina ruwa na ɗiga ta kusurwar ƙasa har ya jiƙa kafet. Shin zan iya sa sabon gilashi a tsohuwar robar? Wasu sun ce a manna shi da gam irin na motocin yanzu, wasu sun ce a cika shi da silikon. Wanne ne daidai, kuma yaya ake sa shi ba tare da ya fashe ba?

Mai Gilashi:

Wa alaikumus salam, Malam. Tsohuwar roba kam a manta da ita. Robar da ta yi tauri ba ta lanƙwasuwa ta hau bakin ƙarfe, sai an tilasta mata, kuma wurin tilastawar ne sabon gilashi ke tafiya. Batun gam kuwa, gilashin 504 ba na mannawa ba ne, roba ce ke riƙe shi. Tana da kwarmi biyu: ɗaya na cin bakin gilashi, ɗaya na cin siririn bakin ƙarfen jikin mota.

Wajen cirewa, a kwance waifa, madubin ciki da marufan rana. A shimfiɗa bargo a kan bonet, a toshe ramukan iska na saman dashbod da tsumma, don in ɓarɓashi ya faɗa ciki, ranar da aka kunna fanka zai feso shi a fuska. Tunda ba a bukatar robar, a yanke leɓenta na waje da wuƙa mai kaifi har a zagaye. Daga nan gilashin zai fito da ɗan turi daga ciki, a fara daga kusurwoyin sama, mutum ɗaya na tare shi a waje.

Wajen sawa, mutum biyu ne aƙalla, uku ya fi. A bar sabuwar robar a rana kamar minti 20 ta yi laushi, a sa ta a jikin gilashin a kan tebur mai shimfiɗa, mahaɗinta a tsakiya. In robar mai gurbin kwalliyar ƙarfe ce mai sheƙi, yanzu ake sa kwalliyar, tun gilashin bai hau mota ba. In aka bari sai ya hau, gurbin ya matse, sai dai a lanƙwasa ta a banza.

Sai igiya: ta nailan saƙaƙƙiya mai kaurin milimita 4 zuwa 5, tsawon mita 5 ko 6. Siririya tana yanka leɓen roba, mai kauri kuma ba ta zama a kwarmi. A cusa ta cikin kwarmin da zai ci ƙarfe, a zagaye, bakunan biyu su haɗu a tsakiyar ƙasa su wuce juna da kamar santimita 20. A shafa ruwan sabulu a roba da bakin ƙarfe. A ɗora gilashin daga waje, bakunan igiya suna cikin mota, a zaunar da ƙasan a kan ƙarfe, a duba hagu da dama sun daidaita. Na ciki ya ja igiyar a hankali zuwa tsakiyar gilashi, taƙi ɗaya hagu, taƙi ɗaya dama. Na waje yana bin daidai inda igiyar ke fita yana dannawa da buɗaɗɗen tafin hannu. A kusurwa a riƙa juya igiyar kaɗan-kaɗan kamar ana zana ƙaramin da'ira, leɓen zai hau da kansa. A ƙare a tsakiyar sama.

In leɓe ya kuɓuce bai hau ba, kada a kai masa sukudireba. Gilashi mai ninki, wato falle biyu da leda a tsakani, rauninsa a baki yake, ƙarfe ya ɗan ɓalli bakin ke nan, tsagewa ta kama hanya. In wurin kaɗan ne a jawo shi da ƙugiya marar kaifi. In ya yi tsawo a fito da gilashin a sake sa igiya. Minti goma ne.

Fanel Bita:

Bayanin Oga Mai Gilashi ya yi, amma Alhaji, ruwan da ka ce yana shiga ta kusurwar ƙasa shi ya fi damuna. Robar da ta shekara tana yoyo ta riƙe laima a ƙarƙashinta, kusan ko da yaushe akwai tsatsa a nan. Kada a ɗauka rana ɗaya za a cire a mayar.

A kankare bakin ƙarfen gaba ɗaya da buroshin waya da samfefa har ƙarfe ya fito fari. A caka kusurwoyin ƙasa da tsinken ƙarfe. Inda ya huje, walda ce maganinsa, a yanke ruɓaɓɓen a sa sabon falle mai kauri ɗaya da na asali. Bodi fila, wato ƙullun da ake cike lotsawar jikin mota da shi, ba ta aiki a nan: tana shan ruwa, kuma tana ƙara wa bakin kauri har kwarmin roba ya kasa cinsa. Bayan walda a goge tudun ya kwanta, domin ƙullutu ko da girman ƙwayar gero ne zai tokare gilashi a wuri ɗaya, a sa lafiya lau, bayan mako biyu a faɗa rami a ji ƙas. Sannan maganin tsatsa, firama, fenti, a bar shi ya bushe kwana ɗaya ko biyu. Ɗanyen fenti igiya za ta kwashe shi.

Kafin a sa roba, a ɗaga gilashin tsirara a gwada shi a gurbinsa na jikin mota. Tazarar da ke tsakaninsa da ƙarfe ta zama ɗaya ko'ina. In wani gefe ya matse wani ya buɗe, ko gilashin ba nata ba ne, ko motar ta taɓa yin hatsari ginshiƙin ya karkace. Kuma a lura da yadin silin: bakinsa na gaba a ƙarƙashin robar yake shiga, a manna shi da gam tun kafin gilashi ya hau.

Hajiya Mai Kayan Fijo:

Ni a kan saye zan yi magana. Ko kasuwar Panteka ta Kaduna za ka je ko ta Ƙofar Ruwa a Kano, duba tambarin da ke kusurwar gilashin. Ka nemi mai ninki, wato falle biyu da leda a tsakani, wanda in dutse ya same shi tsagewa yake yi ya tsaya. Tambarin Turai yana da E a cikin da'ira da lamba mai farawa da 43R. In akwai II kusa da da'irar, mai ninki ne, in I ne, gasasshe ne wanda ke rugujewa gaba ɗaya a kan cinyar direba. Na gwanjo a ɗaga shi a rana: hazo fari a gefe alama ce ledar ta fara rabuwa, zanen waifa kuma da dare yana watsa fitilar mai zuwa a ido.

Roba kuwa, kada "tsohon ajiya ne na asali" ya ruɗe ka. A lanƙwasa leɓen da yatsa. In ƙananan tsaga suka bayyana, ta riga ta mutu tun a shago. Mai kyau tana da kusurwoyi da aka zuba da siffarsu, kuma sai an ɗan ja ta take hawa gilashi. Wadda ta shiga salin-alin za ta yi kumburi a kusurwa. Ta awo da ake yankowa daga nadi a haɗa baki da gam ba ta zama a gilashi mai lanƙwasa irin wannan.

Ɗan Kawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To silikon ɗin fa? Kuma na ga wasu na shafa giris ko man birki don roba ta yi santsi.

Mai Gilashi:

Duka a'a, Malam. Giris da baƙin mai suna kumbura irin wannan robar su lalata ta, man birki kuma yana cin fenti. Ruwan sabulu ya isa, a ɗauraye shi bayan an gama.

Silikon na gini, mai warin tsami, yana fitar da asid yayin da yake bushewa, ga shi a kan ƙarfen da aka gama ceto daga tsatsa. Fenti ma ba ya kama inda ya taɓa. Abin da ake sawa shi ne baƙin gam na gilashin mota wanda ba ya ƙanƙarewa, mai butil. Kwalba ɗaya ta mililita 310 ta wadatar. Bayan gilashi ya zauna kuma ruwan sabulun ya bushe, a ɗaga leɓen waje da ɗan itace ko roba mai faɗi, a zura bakin kwalbar a bi tsakanin roba da jikin mota, sannan tsakanin roba da gilashi, musamman sama da kusurwoyi.

Gwajin ruwa a yi shi da tiyo marar ƙarfi, a fara daga ƙasa a hau sama, mutum ɗaya na ciki da tocila. In har yanzu kafet na jiƙa alhali gefen roba a bushe yake, a duba gindin waifa da magudanar ruwan da ke ƙarƙashin ragar iska a gaban gilashi, ganye da ƙurar hunturu kan toshe ta ruwa ya koma ciki.